Kyamarar miliyoyi, igiyar kyauta: Kuskuren da ke cin wuyan matasa masu ɗaukar hoto

Duk mai bibiyar shafukan masu ɗaukar hoto a Instagram da TikTok ya san irin hirar da ake yi a can. Wane ya sayi Sony, wance ta koma Canon, wannan lensin ya fi fito da fuska, wancan ya fi narkar da baya. A yi ta musu har dare ya raba. Amma da wuya ka ji wani ya yi tambaya mafi sauƙi: to, da me kake rataya ta?

A nan gizo ke saƙar. Matashi zai shekara biyu yana tari, ko ya ci bashi, ko ya karɓo haya, ya riƙe kayan miliyoyin naira, sannan ya rataya su a wuya da 'yar siririyar igiyar da ta zo a cikin kwali kyauta. Da ita zai yi ɗaurin aure da safe, ya yi kamu da yamma, ya rufe da dina har ƙarfe goma sha ɗaya. Abu biyu ya saka a caca ke nan bai sani ba: wuyansa da jarinsa.

Tsaya, kilo nawa kake ɗauke da shi?

Mu yi lissafi tukuna. Canon 5D Mark IV, wadda har yanzu masu ɗaukar biki da yawa ke ji da ita, nauyinta giram 890 ne idan da batir da kati a ciki. Lensin 70-200mm f/2.8 na Canon, wanda kowa ke mafarkin mallaka, ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ɗora filash da baturansa huɗu, ka ƙara kusan rabin kilo. Jimla ka doshi kilo 3.

Idan kilo 3 bai yi maka kama da komai ba, ɗauki fiya wata leda shida, ka ɗaure da igiya, ka rataya a wuya tun daga hantsi har bayan isha. Abin da mai ɗaukar hoton biki ke yi ke nan duk Asabar.

Masu cewa sun koma ƙananan kyamarori marasa madubi, su ma ba su tsira ba. Gaskiya ne Sony A7 III giram 650 ce kawai, amma lensi mai kyau bai san wannan zancen ba. Gilashi gilashi ne, nauyinsa na nan.

Shi wuya dama yana da nasa kayan. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5, kuma wuya ne ke riƙe da shi duk yini. Igiyar wuya tana tara nauyin kyamara a 'yar ƙaramar gaɓa ɗaya, dokin wuya, tana jan kai gaba. Jijiyoyin wuya da kafaɗa su yi ta ja da baya don kada ka duƙa. Shi ya sa washegarin biki za ka ji ƙeya ta riƙe, kafaɗa ta yi tsami, wani lokaci har da ciwon kai. Kana da shekara 22 za ka sha fanadol ka wuce. Sana'ar da kake son yi shekara 20 fa?

Mene ne siling?

Masu sana'ar na kiranta siling. Igiya ce da ake ratayawa a karkace: ta hau kafaɗar hagu, ta ratsa ƙirji da baya, kyamara ta sauka a ƙugun dama, daidai inda hannunka ke lilo. Nauyin ya bar wuya, ya bazu a kafaɗa da gadon baya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Leƙa hawan sallah a Kano ko Zariya ko Katsina, ka dubi mahayan da ke ɗauke da takobi. A kafaɗa suke rataya shi da hamila, ya kwanta a gefe, hannu na kai wa gare shi ba tare da lalube ba. Ba wanda ke rataya takobi a wuya kamar laya.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne salon da kamfanin BlackRapid na birnin Siyatil a Amurka ya yi suna da shi. Igiyar tana zaune daram a jikinka, kyamarar ce ke zamewa sama da ƙasa a kan wani zoben ƙarfe. Ana ɗaura ta ne a ramin sukurun da ke ƙasan kyamara, wanda ake ɗora ta da shi a kan sandar nan mai ƙafa uku. Saboda haka kyamarar kan rataya kai a ƙasa, marikinta na kallon hannunka. Ka cafko, ka ɗauka, ka saki.

Na biyu shi ne irin Slide ta kamfanin Peak Design. A nan igiyar gaba ɗaya ce ke zamewa a jikin riga, kuma wuri biyu take kama kyamara, da wasu 'yan maɓallai masu zare. Faɗinta milimita 45, yadinta irin na bel ɗin mota, gefe ɗaya santsi, ɗayan kuma mai kama riga.

Wanne ya fi? Ya danganta da aikinka. Mai bin dawaki ko 'yan ƙwallo, wanda daƙiƙa ɗaya ke raba shi da hoto, zai fi jin daɗin na farko. Mai yawan sauyawa tsakanin hoto da bidiyo, yana cire igiya yana mayarwa, na biyu zai fi yi masa sauƙi.

Abubuwa biyar da za ka duba kafin ka biya

Na ɗaya, faɗi. Siririyar igiya yanka take yi. Ga kayan da suka haura kilo 2, nemi mai faɗin yatsu uku zuwa sama a inda take hawa kafaɗa. Soson ma ka matsa shi da yatsa: idan ya lotse bai dawo ba, awa biyu zai yi ya zama tabarma.

Na biyu, wurin maƙalawa. Nan ne rayuwar kyamararka take. Sukurun ƙasan kyamara yana iya warwarewa a hankali saboda juyin da take yi kana tafiya. Ka tabbata yana da 'yar roba da ke danne shi, kuma ka mayar da shi al'ada ka taɓa shi duk bayan ɗan lokaci, kamar yadda kake taɓa aljihu ka ji ko waya na nan. Sannan ka ƙara 'yar igiyar tsaro daga kunnen kyamara zuwa jikin siling ɗin. Ranar da sukuru ya ci amana, ita za ta tare.

Na uku, ƙugiya. Ƙarfe ko roba? Ga kaya masu nauyi, ƙarfe, kuma mai makulli da ake murɗawa. Ƙugiyar da ɗan yatsa ke buɗewa da taɓawa ɗaya, gefen kujera ma zai iya buɗe ta.

Na huɗu, yadin. A nan ka tuna a ina kake zaune. Akwai igiyoyi masu laushi irin na roba mai talewa, suna rage jijjiga sosai, amma a zafin Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato ke haura digiri 40, za su jiƙa maka kafaɗa sharkaf. Mai raga-raga a ciki ta fi shan iska. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: tana shiga zoben da ke zamewa, ta sa shi cijewa, tana kuma cin zare a hankali. Goge ta da tsumma mai ɗan danshi bayan kowane aiki.

Na biyar, jikinka da suturarka. Waɗanda suka ƙera igiyoyin nan ba su yi tunanin babbar riga ko zurmemen hijabi ba. Siling tana son hanya a buɗe, don haka a saman kaya ake saka ta. 'Yan'uwa mata, ku gwada ta da irin hijabin ko mayafin da kuke fita aiki da shi, ku ga ko zoben na cafke yadi idan kun ɗago kyamara. Akwai masu lanƙwasa da aka yi don kada su danne ƙirji, akwai kuma masu ƙaramar igiya da ke bi ta ƙarƙashin hammata don hana soson zamewa. Idan kafaɗarka ba ta da faɗi, wannan 'yar igiyar ba ado ba ce.

Babban lensi, babbar doka

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan lensinka ya fi kyamarar nauyi, kamar 70-200mm ɗin nan, kada ka ɗaura siling a jikin kyamara. Irin waɗannan lensuna suna zuwa da wani zobe mai 'yar ƙafa a tsakiyarsu, kuma ƙafar na da nata ramin sukurun. A nan za ka ɗaura.

Dalili? Idan ka rataya ta kyamara, duk nauyin lensin yana lilo ne a kan bakin da suka haɗu. Yau da gobe bakin ya fara sassautawa, hoto ya fara fita rabi tas rabi dishi-dishi, kai kuma kana zargin lensi. Gyaran wannan wurin ya ninka kuɗin igiya sau da yawa, idan ma ka samu mai gyaran.

Ka kuma lura da tsawo. Kyamarar da ke ƙugu tana haɗuwa da gefen tebur da bakin ƙofa. Mu kuma mutane ne masu durƙuso: za ka tsuguna ka gaida surukan amarya, za ka duƙa ka ɗauki amarya a kan darduma wajen kamu. Idan igiyar ta yi tsawo, lensi ne zai riga gwiwarka isa ƙasa. Daidaita ta yadda marikin kyamara zai tsaya a tafin hannunka idan ka saki hannu, ka bar hular lensi a kai ko da a cikin ɗaki ne, kuma ka dafe ta duk lokacin da za ka duƙa.

Masu aiki da kyamara biyu kuwa, kada ku gicciya siling biyu a ƙirji, za su yi ta rigima da juna. Akwai mai kafaɗa biyu da ake sakawa kamar jakar goyo, kyamara ɗaya dama ɗaya hagu. Ita ce ma ta fi adalci ga jiki, domin siling guda, duk kyanta, kafaɗa ɗaya take ɗora wa aiki.

Ta asali, jabu, ko ta baduku?

Maganar kuɗi ke nan. Ta asali daga manyan kamfanonin nan takan haura dala 60, kuma kowa ya san abin da dala ke nufi a yau. Shi ya sa kasuwar intanet ta cika da masu kama da su a kan kuɗin shawarma biyu. A hoto ba ka bambance su. A hannu ne za ka ga ɗinkin layi ɗaya ne, ƙarfen kuma mara nauyi kamar na maɓallin jaka. Araha ba ta ado, balle riƙon kilo 3.

Kada kuma sunan kamfani ya sa ka yi barci. A 2018 Peak Design da kansa ya sanar cewa zaren wani rukuni na maɓallansa yana saurin cinyewa, ya sauya wa mutane da sababbi kyauta. Zaren nasu ma an yi shi hawa-hawa ne, idan na waje ya cinye wani launi zai leƙo daga ciki, alamar a canza. Idan masu ƙera abin ba su yarda zai dawwama ba, kai me zai sa ka yarda?

Akwai hanya ta uku da muke rainawa. Ƙasar nan ta dukawa ce. Masu aikin fata a Kasuwar Kurmi da irinta sun gaji ɗinka linzami da kayan doki, abubuwan da ke jure fizgar ingarma. Igiyar kyamara ba za ta gagare su ba. Sai dai ka raba aikin biyu: sukuru da ƙugiya ka sayi masu kyau na asali, fata da ɗinki ka bar wa baduku. Ka ce masa fata mai kauri, ɗinki ninki biyu, a kuma ƙarfafa inda ƙarfe ya haɗu da fata. Ka san dai fata tana da nauyi, tana shan gumi, kuma sai ta ɗan kwana biyu kafin ta yi laushi.

Idan kuwa kayanka ƙaramar Canon 2000D ce da lensin da ta zo da shi, duka-duka ba su kai kilo ɗaya ba, kada ka takura kanka. Matsakaiciyar siling ta ishe ka, ka adana sauran kuɗin don lensi.

A kan titi

Ba sai an gaya wa matashin Kano labarin ƙwacen waya ba. Igiyar da ta ratsa ƙirji ta fi wuyar fizgewa a kan wadda aka saƙale a kafaɗa ɗaya, kuma baƙar siling ba ta yi maka talla kamar igiyar kwali mai ɗauke da sunan kamfani da manyan haruffa. A cikin cunkoso juyo da kyamarar gaba, hannunka a kai. A adaidaita sahu kada ka bar ta a ɓangaren titi. Mafi kyau ma ta koma jaka har ka isa. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, aka tare ka da makami, cire ka miƙa. Ana sake sayen kyamara.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kada ranar bikin mutane ta zama ranar gwajin sabuwar igiya. Ɗaura mata cikakken kayanka a gida, ka tsaya a saman katifa, ka girgiza, ka yi tsalle, ka duƙa. Sannan ka yi yawo da ita awa biyu a unguwa ko cikin makaranta. Inda za ta ci maka kafaɗa, a nan za ka ji.

Siling ba ta rage ko giram ɗaya daga kayanka, raba nauyin kawai take yi. Don haka duk lokacin da aka tashi cin abinci ko salla, sauke ta, ka juya kafaɗu, ka miƙe wuya. Idan ciwo ya ƙi tafiya, ko ka fara jin yatsu na dindiris, wannan ya wuce maganar igiya, asibiti za ka.

Mu da ke karatun aikin jarida, da masu karɓar kyamara haya duk ƙarshen mako, mu ne muka fi kowa buƙatar jin wannan, domin yawanci kayan da ke wuyanmu ba namu ba ne. Kafin ka saka hannu a takardar haya, juya kyamarar ka dubi igiyarta da kunnuwanta. Idan ba su kwanta maka ba, zo da taka. A cikin duk kayan aikin nan, ita kaɗai ce ɗalibi zai iya mallaka tun yau, kuma za ta bi shi daga wannan kyamarar zuwa ta gaba.