Yadda Ake Gane Tsohon Kuɗin Azurfa da Ƙimanta Shi

A kasuwannin Damagaram, Agadas da Kano, akan tarar da tsofaffin kuɗin azurfa wurin maƙeran farfaru da dillalan kayan tarihi. Mai saye yakan duba shekarar da ke jikin kuɗin, ya ɗauka cewa tsufanta shi ne darajarsa. Amma masu tara tsofaffin kuɗi abu uku suke dubawa: yawan azurfar da ke ciki, ƙarancin irinsa, da kuma lafiyar jikinsa.

Liyari

Liyari shi ne kuɗin Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Fatake ne suka shigo da shi ƙasar Hausa da Barno ta hamada. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, liyari ɗaya yana daidai da wuri wajen 2,500. A fuska ɗaya akwai hoton sarauniyar da lulluɓi, a ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen milimita 40. Kashi 833 cikin 1,000 azurfa ne, saura jan ƙarfe.

Kusan duk liyarin da za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780, wato shekarar da sarauniyar ta rasu. Da yake ƴan kasuwar Gabas da na Afirka sun saba da wannan kama, ba su karɓar wata, sai aka ci gaba da buga shi ba tare da sauya shekarar ba. An buga shi a Viyana, daga baya a Rum, Landan, Faris da Bombai, har yau kuma ana buga shi a Viyana. Adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka 1780 ba shaidar tsufa ba ce, haka ma haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton. Kama da wane ba ta wane. Masana sukan bambanta bugun farko da na baya ta ƙirar haruffa, ƙwayoyin adon kafaɗar sarauniya, da gashin jelar gaggafa.

Dalar Faransa da sulen Ingilishi

Tsohuwar dalar Faransa, mai faran 5, nauyinta giram 25 ne, kashi 900 cikin 1,000 azurfa. An daina buga ta don kasuwa a 1878, amma ta daɗe tana yawo a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Har yanzu a Nijar ana lissafi da dala, ana nufin sefa 5.

A Nijeriya da Gana kuwa, an fara amfani da kuɗin azurfa na Afirka ta Yamma na Ingilishi a 1913: taro, sisi, sule da fataka. Daga 1913 zuwa 1919 kashi 925 cikin 1,000 azurfa ne. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, sannan aka koma tagulla. A nan shekara tana da amfani ƙwarai, domin ita ke nuna ko akwai azurfa ko babu.

Gwaji

Da farko a ɗora kuɗin a kan sikeli. Gogewar hannu takan rage kaɗan, amma liyarin da ya gaza da giram biyu abin tuhuma ne. Na biyu, a kusantar da maganaɗisu. Idan ya kama, jabu ne. Idan bai kama ba, ba a gama ba tukuna, tun da tagulla da dalma ma ba ya kama su. Na uku, a ɗora shi bisa ɗan yatsa a ƙwanƙwasa a hankali: azurfa tana da amo mai tsawo, dalma kuwa ba ta da shi. Na huɗu, a duba gefe. Liyari na gaske yana da rubutu a gefensa, wanda aka zuba a zubi kuwa yakan nuna layin haɗi da ƴan ramuka.

Ƙimantawa

A fara da azurfar. Liyari yana ɗauke da tsantsarta giram 23.4. A ƙaddara ana sayar da giram a kan sefa 500. Ke nan azurfarsa kaɗai ta kai sefa 11,700. Wannan shi ne tushen farashi, kuma galibin liyarin da ya sha hannu ba ya wuce shi da yawa. Abin da ke ɗaga farashi shi ne a samu shekara ko gidan bugun da ba su da yawa, sannan zanen ya fito raɗau. Huji, ko marataya da maƙeri ya liƙa don ado, suna mai da kuɗin kusan farashin azurfarsa. Kada a goge shi da toka ko lemun tsami. Duhun nan da ya hau shi shaida ce, kuma mai tarawa ya fi son sa a kan ƙyallin da aka samu da karce.