Bitar Insha'i Kafin a Miƙa wa Malami

Bitar rubutu, wato sake karanta abin da ɗalibi ya rubuta domin gyara shi kafin ya kai hannun malami, aiki ne mai hawa biyu, ko da yake yawancin ɗalibai na biyun kawai suka sani. Na farko shi ne duba ko insha'in ya amsa tambayar da aka yi, a kuma soke jimlolin da aka cusa don cika shafi, waɗanda ba sa ɓoyuwa ga gogaggen malami.

Na biyun ya shafi ƙa'idojin rubutu, inda kuskure yake da wuyar gani, saboda ido yakan karanta abin da zuciya ta yi nufi maimakon abin da alƙalami ya ajiye. Ɗalibin da ya manta lanƙwasa ya mayar da "ƙafa" ta koma "kafa", wanda kuwa ya raba "gidansa" ko "yana" gida biyu ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa. Barin aikin gida ya kwana kafin a duba shi yakan fito da irin waɗannan kurakurai fili, amma a zauren jarrabawar WAEC ko NECO sai dai a ware mintunan ƙarshe, a bi rubutun layi-layi da bakin alƙalami.