Daga Korgom Zuwa Maraɗi: 'Yar Na'urar Da Ke Yi Wa Injin Eko Tafinta

Duk macen da aka taɓa haska mata ciki ta san 'yar takardar nan mai santsi da ake miƙo mata bayan an gama, mai ɗauke da hoto baƙi da fari, wanda ba ta gane komai a ciki sai an nuna mata da yatsa. A Nijar ana kiran wannan aiki eko, a Nijeriya kuma sikanin. Da yawa daga cikin matanmu na kasuwa kan naɗe takardar su cusa a lalita ko jakar ciniki, ta sha rana, ta sha zafin murhun tuyar ƙosai, ranar da likita ya nema sai a tarar hoton ya koɗe ko ya yi baƙi ƙirin. Dalili kuwa shi ne ba da tawada ake buga shi ba, da zafi ake bugawa, shi ya sa zafi ke ɓata shi. Idan hoto ya mutu, sai a sake biyan kuɗin mota, a sake biyan na eko, a kuma rufe rumfa kwana guda ko biyu.

Wannan ne ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu yi magana a kan wata 'yar na'ura da yawancin mutane ba su san da ita ba, wadda girmanta bai wuce sandar sabulu ba, amma ita ke iya fitar da hoto daga tsohon inji ta kai shi inda ba ya koɗewa, kuma inda ƙwararren likita zai gan shi ba tare da mai ciki ta hau mota ba.

Mu ɗauki Korgom, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa cikin jihar Maraɗi, inda ƙidayar 2012 ta samu mutane fiye da 60,000, akasarinsu manoma da masu ƙananan sana'o'i. Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne: daga ɗakin shan magani na ƙauye sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, daga nan sai asibitin gunduma, wanda ga mutanen Korgom yana Tasawa, idan abu ya yi tsanani kuma sai Maraɗi, mai nisan kusan kilomita 120 daga Tasawa. Gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005, ta ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006. To amma babu dokar da ta ɗauke kuɗin mota, da abincin 'yar rakiya, da cinikin da ya wuce mace ranar kasuwa.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki eko sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Da shi ake sanin watannin ciki na gaskiya, da ko tagwaye ne. Idan ciki ya tsufa kuma, shi ke nuna ko jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta sauko ta tare hanyar fita, abin da kan jawo zubar jini mai kisa. Kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa a Nijar mata 441 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Macen da aka gano matsalarta tun da wuri kan tafi babban asibiti da ƙafarta, ba sai an ɗauke ta a amalanke cikin dare tana zubar jini ba.

Injin eko ba sabon abu ba ne. Tun 1958 wani likita mai suna Ian Donald a birnin Gilasgo na Birtaniya ya nuna amfaninsa wajen duba cikin mata. Sauti yake turawa cikin jiki, irin wanda kunne ba ya ji, ya karɓi amonsa ya mai da shi hoto, don haka babu hasken da ake tsoro irin na hoton ƙashi. Yau ana iya samun injin a garuruwa da dama. Abin da ke wuyar samu shi ne ƙwararren da zai karanta hoto mai rikitarwa, domin irinsu sun fi taruwa a Yamai da manyan birane kamar Maraɗi da Damagaram. Dabara ke nan a bar mace a garinsu, hoton ya yi tafiyar. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin ba kowane inji ne ke jin yaren kwamfuta da wayar salula ba.

Yaren injuna

'Yan kasuwar da suka yi harkar talabijin da bidiyo a da za su fi kowa gane wannan magana. Idan ba a manta ba, akwatin da aka sayo a Kano ko Katsina kan nuna tashar Télé Sahel babu kala, murya kuma sai shuu. Ba lalacewa ya yi ba. Nijeriya tana kan tsarin PAL, Nijar kuma ta bi tsarin Faransa mai suna SECAM. Kaset ɗin da aka yo tsaraba daga Amurka shi kuma tsarin NTSC ne, sai ka ga hoto yana gudu sama da ƙasa.

Haka abin yake ga tsofaffin injunan asibiti. Wanda aka ƙera don kasuwar Turai yana fitar da hoto 25 a daƙiƙa ɗaya bisa tsarin PAL, kowane hoto da layi 576 da ido ke gani. Wanda aka ƙera don Amurka ko Japan yana fitar da kusan hoto 30 a daƙiƙa, mai layi 480. Kafar da hoton ke fitowa ita ma iri-iri ce: akwai mai zagaye da ake murɗawa, wato BNC, akwai VGA mai ƙananan ramuka 15 da kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, sannan akwai HDMI da ke jikin talabijin na zamani. Tsohon inji na turo hotonsa ne kamar ruwan da ke kwarara a lambatu, iya nisan tafiyarsa iya dattin da yake kwasa. Kwamfuta kuwa lissafi kawai ta sani, kamar littafin bashi, ko sau nawa aka kwafe shi lambar ba ta canzawa.

Aikin 'yar na'urar da muke magana shi ne tafinta tsakanin waɗannan biyu. Tana karɓar hoton da ke kwararowa, ta auna hasken kowane ɗigo, ta ba shi lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat, ta miƙa gaba. Iri uku ne aka fi gani. Ta farko tana haɗa tsohon inji da sabon allo, idan allon asali ya mutu, ko kuma don mai ciki ta ga ɗanta a bango. Ta biyu tana shigar da hoton cikin kwamfuta ta kafar USB don a adana ko a aika. Ta uku, wadda ta fi tsada, tana haɗa hoton da sunan majiyyaci da kwanan wata bisa tsarin DICOM, wanda likitoci da masu ƙera injuna suka amince da shi tun 1993 don injin kowane kamfani ya gane hoton ɗan uwansa. Ba eko kaɗai ke amfana ba, har da na'urar leƙa ciki ta baki da kyamarar ɗakin tiyata.

Maƙwabtanmu na Mali sun gwada aika hoto maimakon majiyyaci. A 2001 aka fara wani shiri mai suna RAFT tsakanin likitocin Bamako da asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama har da Nijar. A ƙarƙashinsa aka koya wa ƙananan likitoci da ungozomomi a garuruwa irin su Bankass da Kolokani da Dioïla da Djenné yadda ake haska ciki, su aika hoton ta intanet, ƙwararru a Bamako su duba su maido da amsa. Abin da ya yiwu tsakanin Bankass da Bamako babu abin da zai hana shi yiwuwa tsakanin ƙasar Tasawa ko Mayahi da Maraɗi.

Araha ba ta ado

Sai dai akwai abin lura. Tafinta ba ya gyara magana, abin da aka faɗa shi zai maimaita, wani lokaci ma ya rage. Hoto mai layi 576 ba zai ƙara kyau ba don an sa shi a babban allo. Daɗin daɗawa, akwai irin waɗannan na'urori masu araha a shagunan kayan lantarki, waɗanda aka yi don kallon fim da ƙwallo. Sukan ja hoto ya yi faɗi don ya cika allo, har kan jariri mai zagaye ya koma kamar ƙwai. Sukan yanke gefe, inda ma'auni da rubutu suke. Sukan kuma haɗe launin toka-toka, alhali a cikin bambancin tokar nan likita ke rarrabe jini da ruwa da tsoka. Ga mai kallon fim wannan ba komai ba ne, amma ga mai ciki yana iya zama bambanci tsakanin "koma gida" da "tafi Maraɗi yau". Haka kuma duk abin lantarkin da za a jona da injin da ke taɓa jikin majiyyaci akwai ƙa'idar tsaro da aka gindaya masa, mai lamba IEC 60601, don kada wuta ta bi ta kai ga mutum.

Wasu ma'aikata kan ɗauki hoton allo da wayar hannu su tura ta WhatsApp. A lokacin gaggawa ya fi babu, amma hasken taga da rawar hannu na rage ingancinsa, sannan sunan mace da sirrin cikinta na iya yawo a wayoyin da ba su dace ba.

Me ya kawo wannan magana shafin 'yan kasuwa? Sanin kowa ne idan gari ya tashi taimaka wa asibitinsa, ƙungiyar 'yan kasuwa da 'yan asalin gari mazauna Kano ko Legas ko Kwatano su ake fara tunkara, kuma injin gwanjo aka fi saye saboda sauƙin kuɗi. A 2011 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Duke ta Amurka sun duba bayanan kayan asibiti fiye da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka gano su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kaya, da rashin abubuwan da injin ke buƙata a wurin da aka kai shi. Sau da yawa inji lafiyarsa ƙalau, igiya guda ce ko kan fulogi bai zo tare da shi ba, sai a lulluɓe shi da zane a bar jaki ana dukan taiki.

Don haka muke ba Alhazai da Hajiyoyin da za su haɗa kuɗi shawara kada su sayi kifi a ruwa. A fara tambayar likitan gunduma irin injin da ake buƙata da wanda zai yi aiki da shi. A tambayi mai sayarwa wace kafa hoto ke fita, kuma PAL ne ko NTSC. A sa shi ya kunna a gaban ido, ya buga hoto a takarda, ya kuma shigar da shi kwamfuta, sannan likita ya kwatanta wanda ke allon injin da wanda ya fito. A tabbatar ana samun takardar firintar a Maraɗi ko Kano. A duba ƙarfin wutar da yake ci, domin Nijar tana kan 220, kayan Amurka kuwa 110 zuwa 120 ne, na Japan 100, kuma jonawa ɗaya cikin kuskure ta isa ta ƙone dukiyar gari. A sa batir ko sola a cikin lissafi. Ba mu manta da yadda Nijeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023 ba, har sai a farkon 2024 aka maido, alhali yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa.

Yana da kyau kuma a san cewa kasuwa ta canza. Yanzu akwai injunan eko na hannu, irin su Lumify na kamfanin Philips da Butterfly iQ, waɗanda ake jonawa kai tsaye da wayar salula, hotonsu ya fito a lissafe tun daga tushe, ba su buƙatar tafinta. Wanda zai sayi sabo ya auna wannan da tsohon inji mai nauyin buhun gero. Wanda kuma yake da tsohon inji mai lafiya, kada ya yi saurin jefar da shi, na'urar sauya hoto mai inganci na iya ƙara masa shekaru.

Ku kuma matanmu, ku riƙa adana takardar eko a cikin littafin awo, nesa da rana da murhu da mai, kada kuma a kai ta a manne mata leda da zafi, domin nan take za ta yi baƙi. Ku ɗauki hotonta da waya tun ranar da aka ba ku. Ku nemi a rubuta muku sakamako da biro a littafi, saboda rubutun ya fi hoton daɗewa. Ku kuma tambaya ko an ajiye kwafi a kwamfuta, ko ana iya tura wa likitan da aka ce ku je wurinsa. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuɗinku kuka biya, kuma a kasuwa ba a taɓa karɓar kuɗin mutum a ba shi kayan da zai narke kafin ya isa gida ba.