Tsakanin Mai Kuɗi Da Mai Aiki

 

Yau zancenmu a kan wata sana'a ce, wato kula da tafiyar da aiki. Idan gwamnati ko wani kamfani za su gina asibiti ko gada, sukan ɗauko wani masani ya tsaya musu a kai. Shi ba magini ba ne, kuɗin kuma ba nasa ba ne. Nasa shi ne ya shiga tsakanin mai kuɗi da 'yan kwangila, ya ga an gama aikin a kan lokaci, da kuɗin da aka ware, kuma yadda aka yi alkawari. Sana'a ce da ake karantawa a jami'a, har masu yin ta suna da babbar ƙungiya mai suna PMI, wadda aka kafa a Amurka a 1969.

Na san wata za ta ce, to ni da nake cikin ɗaki ina ruwana da gada? 'Yar uwa, in kina karɓar aikin abincin biki, ko ɗinkin anko, ko an damƙa miki haɗa kayan ɗakin amarya, ai wannan aikin kike yi. Uwar amarya ta ba ki kuɗi tana jira, ke kuma kin dogara da tela da kafinta da mai kaji, waɗanda ko shagonsu ba ki taɓa gani ba, sai dai aike. Ranar da suka saɓa, sunanki ne zai ɓaci a dangi da unguwa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, yawancin rigimar da ke tashi ranar kai kaya, tun ranar ƙulla magana aka shuka ta.

Bari in ba ki misali daga nesa, don ki ga manya ma ba su tsira ba. A birnin Sidni na ƙasar Ostireliya akwai wani shahararren gidan kiɗa da wasanni a bakin teku, mai farin rufi kamar filafilan jirgin ruwa. A 1957 aka zaɓi zanen wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jorn Utzon. Aka ce aikin zai ci dalar ƙasar miliyan 7, kuma a gama a 1963. Gwamnatin jihar ta matsa aka fara gini a 1959 alhali ba a gama zanen ba, har ginshiƙan farko suka kasa ɗaukar rufin, sai da aka sake su. A 1965 sabuwar gwamnati ta hau, ministan ayyuka ya riƙa riƙe wa Utzon kuɗi, shi kuma ya ajiye aikin a 1966 ya bar ƙasar, bai sake taka ta ba har ya mutu a 2008. Bayan tafiyarsa masu aikin suka canza ra'ayi a kan babban zauren, aka ciccire injunan da aka riga aka kafa. Sai a 1973 aka buɗe gidan, ya ci dala miliyan 102. Kin ga gaggawa, kin ga canza magana a tsakiyar aiki, kin ga rigimar biya. Duk ukun suna faruwa a tsakar gidajenmu.

Masu wannan sana'a suna auna kowane aiki da abu uku: lokaci, kuɗi, da yawan aikin tare da kyansa. Ki ɗauke su kamar duwatsun murhu, in kika gusar da ɗaya dole ki gyara sauran, in ba haka ba tukunya ta kife. Wadda ke son dubulan da alkaki masu yawa cikin kwana biyu, sai ta ƙara kuɗi a ɗauki masu tayi. Wadda kuɗinta kaɗan ne, sai ta rage yawa ko ta ba da lokaci. Da yawa kuma da sauri kuma da araha, wannan ba ya haɗuwa, kuma hakkinki ne ki faɗa mata tun a zaman farko. Kunya ce ke cutarmu mu mata. Hajiya ta faɗi abin da ba zai yiwu ba, sai ki ce "ba komai, in sha Allahu," alhali zuciyarki ta san da komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin ladabi ki ce, "Hajiya, da wannan kuɗin kwano goma za a samu, in sha biyar ake so ga abin da za a ƙara."

Sannan ki yawaita tambaya. In ta ce tana son gado mai kyau, kyau a wurinta daban, a wurin kafinta daban. Wane katako? Ƙafa nawa? Wane launi? Ta nuna hoto ko ta kawo samfurin yadi. Abin da kuka tsayar a rubuta shi, da boko ko da ajami. In ba kya rubutu, ɗanki ko 'yarki ta makaranta ta rubuta a karanta muku, ko ku yi saƙon murya ta waya ki adana, a kuma sa shaida. Wannan ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

In aiki ya yi nisa ta aiko a canza, kada ki yi fushi, kada kuma ki amsa da ka. Ki aika mata cewa za a iya, amma zai ƙara kwana kaza da kuɗi kaza, ta amince? Sai ta amince ki taɓa. Haka nan kada ki bari sai ta neme ki. Duk bayan kwana uku ko huɗu ki sanar da ita inda aka kwana. In farashin fulawa ya tashi ko tela ya kwanta ciwo, ta ji daga bakinki a ranar. Labari marar daɗi da ya zo saura mako biyu ana iya yi masa dabara, wanda ya zo daren kamu kuwa sai kuka.

To mu koma ga masu yi miki aiki. Kafin ki ba mutum, ki tambayi mata biyu ko uku da ya taɓa yi wa, ya cika alkawari? Ki sa a jiyo farashi a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya faɗi ƙasa da kowa sosai ki yi hattara da shi, araha ba ta ado.

Babban makaminki shi ne kuɗin da ke hannunki. Kada ki taɓa biyan duka kafin aiki. Ko gwamnatin tarayyar Nijeriya, a dokarta ta ba da kwangila ta 2007, ta ƙayyade kada kuɗin fara aiki ya wuce kashi 15 cikin 100, kafin daga baya a ɗaga shi. A manyan gine-gine kuma akan riƙe wani abu, galibi kashi 5 cikin 100, sai an ga aikin bai nuna aibi ba. Ke ma ki raba uku: kafin alƙalami na sayen kaya, wani kaso idan an ga rabin aiki, ciko sai kaya sun shigo gida kin duba da idonki. Amma fa in ya cika, ki biya shi a take. Mai riƙe hakkin ma'aikaci ba ta samun na kirki karo na biyu.

Ranar da za ki ba tela kada ta zama ranar bikin. In ranar Asabar ake so, ki ce masa Litinin, ki ajiye kwana biyar a hannunki, musamman gab da Sallah da ɗinki ke yi musu yawa da kuma matsalar wuta. Tunda ba fita kike yi ba, ki sami idon da kika yarda da shi, maigida ko ƙaninki ko babban ɗanki. Kada a tura ƙaramin yaro ya dawo da "ya ce an kusa." A je a gani, a ƙirga, a ɗauko hoto. In aikin na da yawa, kamar anko kala talatin, ki raba wa tela biyu.

In duk da haka ya fara "gobe, jibi," ki bar zagi da aiken baƙar magana, ba sa ɗinka riga. A tuna masa abin da aka rubuta, a sa masa rana ta ƙarshe a gaban shaida. In ta wuce, a karɓo kayan da sauran kuɗin a kai wa wani. In ya ƙi, akwai shugaban ƙungiyar sana'arsu, akwai mai unguwa. Ita kuma mai kayan ki sanar da ita halin da ake ciki da matakin da kika ɗauka, kada ki tsaya a "laifin tela ne," domin ke ta ba amana.

Aikin gida na wannan mako: ki nemi ɗan littafi na rubutu, kowane aiki da shafinsa, a sa sunan mai shi, abin da aka tsayar, abin da aka biya, da ranar kaiwa. Ki fara da aikin da ke hannunki yanzu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon cika alkawari. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Ku huta lafiya.