Azumin Lent: Kada ka ajiye maganinka saboda abin da ka gani a waya

Idan kana da dangi ko abokai Kiristoci a Facebook ko WhatsApp, ka ga alamar tun ranar Laraba 18 ga Fabrairu: hotunan goshi ɗauke da gicciyen toka, sai kuma sanarwar abin da kowa ya yi alkawarin bari har zuwa Ista, wadda a 2026 ta faɗo ranar 5 ga Afrilu. Wani ya bar nama, wata lemon kwalba, wani giya, wani ma Facebook ɗin ya ce ya bari, bayan ya sanar a Facebook. A 2026 kuma Lent da Ramadan sun kama a mako guda, don haka a garuruwa irin su Mayo Bani da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, da sauran ƙauyukan arewacin Adamawa inda Musulmi da Kirista kan fito daga zuri'a ɗaya, kusan kowa bakinsa a kame yake.

Ba ni da ja da mai nuna ibadarsa don ƙarfafa wa wasu gwiwa. Damuwata ita ce saƙon da aka rubuta a Legas ko Amurka kan iso wayar dattijuwa a Mayo Bani cikin minti ɗaya, amma idan sukarinta ya faɗi da rana tsaka, sai an nemo abin hawa an kai ta asibiti a cikin Mubi. Wanda ya rubuta saƙon bai san shekarunta ba, bai san ƙwayoyin da take sha ba, bai kuma san zafin Maris a ƙasar Mubi ba.

Mene ne ainihin ƙa'idar?

Lent kwana 40 ne daga Larabar Toka, ba a lissafa ranakun Lahadi, shi ya sa idan ka ƙirga a kalanda za ka ga 46. Ana yinsa ne don tunawa da kwana 40 da Yesu Almasihu ya yi yana azumi a jeji, kuma ya tsaya kan abu uku: addu'a, azumi da sadaka. Tokar da ake shafawa daga ganyen dabinon da aka yi bikin Lahadin Dabino da shi bara ake samo ta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, a dokar Cocin Katolika ranaku biyu ne kacal azumi ya zama wajibi: Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau. Ko a ranakun, azumin shi ne cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda idan an haɗa bai kai cikakken abinci ba. Ba a hana ruwa ba, ba a hana magani ba. Wajibcin yana kan mai shekara 18 zuwa 59. Ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a kuwa yana farawa daga shekara 14. Marar lafiya, mai juna biyu da mai shayarwa an ɗauke musu. A sauran ikkilisiyoyi, irin su EYN mai hedikwata a Kwarhi, da LCCN, da majami'un Fentikos, tsarin ya bambanta, kuma mutane da yawa kan kame daga safe zuwa tsakar rana ko zuwa ƙarfe 6 na yamma, gwargwadon niyyarsu ko kiran shugabanninsu.

To ka kwatanta wannan da abin da ke yawo a TikTok da zaurukan WhatsApp: kwana uku ba ci ba sha, kwana bakwai, kwana 21, da bidiyon wani yana ba da shaida cewa ya zubar da maganinsa ya warke. A ƙarƙashi kuma ana ta rubuta “Amin” ana turawa gaba. Abin ya koma kamar gasa, kuma wanda ya sha ruwa da rana sai ya riƙa jin kamar bangaskiyarsa ce ta gaza. Abin mamaki, karatun da ake yi a coci ranar Larabar Toka, daga Matiyu sura 6, gargaɗi ne a kan yin azumi don idon mutane.

An ga inda irin wannan ke kaiwa. A watan Fabrairun 2023 wani fasto a Mozambik, Francisco Barajah, mai shekara 39, ya rasu a asibitin birnin Beira bayan ya yi ƙoƙarin yin kwana 40 ba ci ba sha. A watan Afrilun shekarar aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan Paul Mackenzie da aka sa su kashe kansu da yunwa, adadin ya haura 400. Wa'azozinsa suna YouTube shekaru kafin nan. Wannan ba Lent ba ne, kuma shugabannin coci sun yi tir da shi. Na kawo shi ne don ka san yawan masu kallon bidiyo ba ya nuna gaskiyarsa.

Mai ciwon sukari

A nan zan fi daɗewa, domin a nan aka fi samun haɗari cikin gaggawa. Magungunan sukari ba iri ɗaya ba ne. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukari ƙasa sosai ba, sai dai yana son a sha shi da abinci don kada ya dami ciki. Amma glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, labarinsa daban. Yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba, kuma yana daɗewa yana aiki. Ka sha shi da safe kamar kullum, ka kame baki, ka tafi sharar gona, to kafin azahar za ka iya faɗuwa. Tsofaffi da masu raunin ƙoda sun fi shiga wannan haɗari. Haka allurar insulin, musamman gaurayayyiya irin Mixtard da aka saba yi safe da yamma.

Wasu kuma sai su ce, to bari in daina shan maganin gaba ɗaya har azumi ya wuce. Wannan ma ramin ne ta wani gefen: sukari ya hau, fitsari ya yawaita, jiki ya bushe. Mai nau'in ciwon da ya dogara kacokan ga insulin, idan ya bar allura, kwana ɗaya ko biyu sun isa su kai shi gadon asibiti a sume.

Abin yi shi ne ka je wurin likitanka ko mai harhaɗa magunguna da katinka da duk kwalayen magungunanka, ka faɗi irin azumin da kake so ka yi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Sau da yawa ana iya sauya lokaci, a rage adadi, ko a canza maganin. Wani lokaci kuma amsar ita ce a'a, sai ka karɓa. Idan kana da na'urar gwaji a gida, riƙe lambobi biyu: sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dl, ka karya azumi nan take. Wannan ita ce shawarar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta bayar a jagoranta na masu azumin Ramadan, kuma jikin Kirista da na Musulmi ɗaya ne. Ba ka da na'ura? Karkarwa, gumi mai sanyi, bugun zuciya, jiri, ganin dishi-dishi ko magana ta fara rikicewa, duk alamu ne. Sha ruwan da aka dama da babban cokali ɗaya na sukari, ko rabin kofin lemon kwalba, sannan ka bi da abinci. Wanda ya riga ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ya kamata 'yan gida su san wannan, don shi marar lafiyan a lokacin ba ya cikin hayyacinsa.

Zafi, ƙishirwa da ƙoda

Lent kullum yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu. A Turai ƙarshen sanyi ne. A Mubi kuwa lokacin ne zafi ke kusantar digiri 40, kuma mai aikin ƙarfi a rana zai iya zubar da gumin lita guda cikin awa ɗaya. Mai koyar da azumin ba-ruwa daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba ya cikin wannan lissafi.

Idan kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Moduretic ko Lasix, jikinka dama yana fitar da ruwa da gishiri. Ka hana shi ruwa a kan haka, sai jiri idan ka miƙe, sai faɗuwa, ƙoda kuma ta sha wuya. Amlodipine sau ɗaya ake sha a rana, mayar da shi yamma ba wuya. Aldomet da ake sha sau biyu ko uku yana buƙatar a zauna a tsara. Abin da ba a yi shi ne dainawa, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya kawo shanyewar ɓarin jiki.

Sai maganin ciwon jiki. Mai azumi ya ji ciwon kai, ya aika yaro kemis a sayo ibuprofen, diclofenac ko Feldene, ya haɗiya ciki ba komai. Waɗannan suna cin bangon ciki, kuma a jikin da ba ruwa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Mai gyambon ciki ya nisance su. Paracetamol ya fi sauƙi, muddin babba bai wuce ƙwaya takwas masu 500mg a yini ba. Mai sikila kuwa, shawarata gajeriya ce: kada ka yi azumin da zai hana ka ruwa, ko na rabin yini.

Akwai magungunan da agogo ke mulkinsu. Na farfaɗiya, na tarin fuka, da na cuta mai karya garkuwar jiki, ba a tsallake su ko kwana ɗaya. Ƙwayar TLD sau ɗaya ce a rana, da abinci ko babu, don haka ba ta hana azumi, azumi ma kada ya hana ta. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem ko Lonart sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma jiki bai cika karɓarsa da kyau ba sai da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Mai zazzaɓi dama marar lafiya ne, ya ci ya sha ya warke tukuna.

“Na bar giya”

Cikin duk sanarwar da ake yi, wannan ta fi samun tafi, kuma ta cancanta. Sai dai akwai abin da masu tafin ba su sani ba. Wanda ya shekara da shekaru yana shan burkutu, ogogoro ko giyar kwalba kullum da yawa, idan ya yanke rana ɗaya, jikinsa na iya tayar da ƙayar baya. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, gumi, amai, rashin barci. Wasu su yi jijjiga kamar farfaɗiya a kwana biyun farko. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice, su riƙa ganin abin da babu, kuma wannan matakin yana kisa. A ƙauye sai a ce aljanu ne ko jifa, a yi ta addu'a a gida alhali asibiti na da maganin da ke kwantar da shi. Idan mijinki ko ɗanki ya ɗauki wannan niyya, ki ƙarfafa shi, amma ki raka shi wurin ma'aikacin lafiya a makon farko. Haka mai shan tramadol.

Wanda ya bar goro, kofi ko shayi mai kauri zai ji ciwon kai daga rana ta farko, ya tsananta a ta biyu, ya lafa cikin mako guda ko ɗan fiye. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Barin nama kuma ba ya cutar da kowa. Wake, ƙosai, alala, gyaɗa, ƙwai da kifi sun wadatar, kuma a gidaje da yawa a yankinmu tsadar kasuwa ta riga coci hana nama. Mai hawan jini dai ya lura da kifi mai gishiri da yawan dunƙulen ɗanɗano a miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda.

Yara da hotuna

Iyaye, yaro ɗan shekara takwas ko goma ba ya cikin waɗanda aka wajabta wa azumi. Sa shi kame baki har yamma don a ɗauki hoto a rubuta “ƙaramin soja na Yesu” ba tarbiyya ba ce. A koya masa barin alawa ko raba abincinsa da wani. Ki kuma sa ido kan 'yarki budurwa da ta mayar da Lent hanyar rage ƙiba, tana auna kanta da hotunan wasu. Idan Ista ta wuce ba ta koma cin abinci ba, ko al'adarta ta ɗauke, a ga likita.

Sadaka ma ta shiga waya. Tun bayan da Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, yankin nan na da gwauraye da marayu masu yawa, kuma ƙungiyoyi irin su Zumuntar Mata suna ƙoƙari wajen tallafa musu. Amma kafin ka ɗora hoton matar da ka ba mudun masara, ko na majinyacin da ka ziyarta yana kwance da ledar ƙarin ruwa a hannu, tambaye su. Ciwon mutum sirrinsa ne, kuma hoton da ya shiga zaure ɗaya ba ya dawowa.

Ga malaman coci, katikis da shugabannin zumunta masu kula da zaurukan WhatsApp, ina da roƙo guda. Duk sanarwar azumi da za ku tura, ku ƙara layi ɗaya a ƙasa: masu ciwon sukari, hawan jini, sikila, gyambon ciki, masu juna biyu da masu shayarwa su ci gaba da shan magani da ruwa, su tuntuɓi asibiti. Akwai dattawan da ba za su saurare ni ba, amma idan Fada ko Fasto ya faɗa daga bagade, za su sha maganinsu da kwanciyar rai.

Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ajiye insulin a lokacin zafi a gidan da ba firji.