Louis Bachelier: Malamin da Ya Shigar da Lissafi Kasuwa

Ran 29 ga Maris, 1900, wani ɗalibi ɗan shekara 30 ya tsaya gaban manyan malaman Jami'ar Sorbonne a birnin Faris domin kare kundin digirinsa na digirgir. Sunansa Louis Bachelier, kundin kuwa a kan hawa da saukar farashi a kasuwar hannayen jari ta Faris ya yi shi. A wancan zamanin masana lissafi a Faransa sun fi karkata ga taurari da injuna da zafi. Harkar kasuwa a wurinsu sha'anin dillalai ce. Yau ana ɗaukar wannan rana a matsayin mafarin fannin lissafin hada-hadar kuɗi.

An haife shi a Le Havre ran 11 ga Maris, 1870. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, kakansa na wajen uwa ma'aikacin banki. A 1889 iyayen suka rasu ɗaya bayan ɗaya, nauyin gida da na kasuwancin ya dawo kansa, sannan aikin soja ya biyo baya. Sai a 1892 ya samu shiga Sorbonne. Ni a ganina wannan jinkirin ya yi masa rana, domin ya iso jami'a ya riga ya san yadda farashi ke kwana a wani wuri ya wayi gari a wani, abin da malamansa ba su taɓa zama sun lura da shi ba.

Me ya gano? Ya ce dalilan da ke motsa farashi sun fi ƙarfin a ƙidaya, don haka babu mai iya cewa gobe sama za a yi ko ƙasa. A kowane lokaci mai saye yana zaton kaya za su tashi, mai sayarwa yana zaton za su faɗi, farashin da aka daidaita a kai shi ne inda zaton biyun ya yi kunnen doki. Abin da lissafi zai iya aunawa shi ne nisan da farashin zai iya yi daga inda yake, kuma nisan ba ya ƙaruwa daidai da lokaci: idan kwanaki suka ninka sau huɗu, shi sau biyu kawai yake ninkawa. Da wannan ya fitar da hanyar yanke kuɗin yarjejeniyar zaɓi, wadda ta yi kama da kafin alƙalami: ka biya kaɗan yau don ka riƙe damar sayen kaya nan gaba a farashin da aka tsayar, in ka fasa kuɗin ya tafi. Shekara biyar bayan haka, a 1905, Albert Einstein ya iso ga irin wannan lissafin ta tasa hanyar, yana bayanin rawar da ƙananan ƙwayoyi ke yi cikin ruwa.

Henri Poincaré, gagarabadan lissafi na Faransa, ya yaba wa aikin Bachelier a rahotonsa, amma makin da aka ba kundin bai kai na ƙololuwa ba. Daga nan rayuwar Bachelier ta zama ta neman wurin zama. Ya koyar a Sorbonne ba tare da kujerar dindindin ba, ya wallafa babban littafi kan lissafin yiwuwa a 1912, yaƙin duniya na farko ya sake mayar da shi soja. Bayan yaƙi ya yi ta aikin wucin gadi a Besançon da Dijon da Rennes.

Abin da ya fi ciwo ya faru a 1926, da ya nemi kujerar farfesa a Dijon. An tuntuɓi Paul Lévy, shi ma babban masani, ya duba wani ɗan yanki na aikin Bachelier ya ce akwai kuskure. Kuskuren fahimtar na Lévy ne, amma kujerar ta kuɓuce. A 1931, shekarar da Andrey Kolmogorov na Rasha ya ambaci Bachelier da girmamawa a wani muhimmin aikinsa, Lévy ya nemi afuwa suka sasanta. Neman afuwar abin yabo ne, sai dai hukuncin da aka yanke wa mutum a kan karatun gaggawa zalunci ne ko wa ya yanke shi. Bachelier ya samu kujerarsa a Besançon a 1927 yana ɗan shekara 57, ya yi ritaya a 1937, ya rasu ran 28 ga Afrilu, 1946.

Masana tattalin arziki ba su farga da shi ba sai a shekarun 1950, lokacin da Leonard Savage ya ja hankalin abokansa, ciki har da Paul Samuelson na Amurka. Aka fassara kundin zuwa Ingilishi a 1964. A kan wannan turba Fischer Black da Myron Scholes da Robert Merton suka gina nasu tsarin a 1973, wanda ya kai biyun ƙarshe ga lambar Nobel a 1997.

An daɗe ana yi wa lissafin Bachelier gori cewa ya yarda farashi zai iya sauka ƙasa da sifili, abin da ake ganin ba zai yiwu ba. Ran 20 ga Afrilu, 2020, cikin annobar korona, farashin gangar ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili da fiye da dala 37. Tsarin 1973 bai tanadi irin wannan rana ba, don haka cikin makon kasuwar Chicago ta koma amfani da lissafin Bachelier wajen yanke kuɗin yarjejeniyoyin zaɓi na man fetur.