Hannu a Kwano, Kunne a Waya

A unguwannin da ciyayya ba ta mutu ba, da an idar da sallar magariba kowane magidanci yakan sa a fito da tuwon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a jera kwanuka, a ci na wannan a koma na wancan. Wata rana sai ka ji wani ya sassauta murya ya ce, "Wannan 'yar wajena ce ta tuƙa, yau ta fara." Daga nan kowa ya san abin da ya hau kansa. Ko tuwon ya yi gudaji, ko gishiri ya zarce a miya, ba mai yatsine fuska, don an san yarinyar na laɓe a zaure ta kasa kunne. Gyaran da za a yi mata, uwarta ce za ta yi shi gobe a gindin murhu.

Wasan kwaikwayon ɗalibai irin wannan tuwon ne. 'Yan koyo ne suka tuƙa, suka fito da shi gaban jama'a gabansu na faɗuwa, mu kuma 'yan kallo muka zagaye kwano ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke zama a bakin wannan kwanon yanzu.

Na taɓa zama a wani zauren makaranta, wata ɗaliba ta fito a matsayin uwar da aka kawo wa labarin rasuwar ɗanta. Ta kama wurin sosai, har masu tari sun haɗiye tarinsu. Tana tsakiyar magana sai waya ta ɗauki ƙara a sahun gaba. Mai ita bai kashe ba, bai kuma tashi ba. Ɗagawa ya yi: "Halo! Ina jin ka. A'a, ina wajen dirama ne. Kayan sun iso?" Aka kwashe da dariya. Yarinyar ta nemi inda ta tsaya ta rasa, ta maimaita jimla ɗaya sau biyu, samarin baya suka fara "Ba ma yi! Ba ma yi!" Kafin ka ce kwabo wayoyi sun tashi sama ana ɗaukar ta, wasu har da kunna tocila a fuskarta. Ta ƙarasa wasan, amma uwar da ta gina a gabanmu ta riga ta rushe, saura yarinya mai neman hanyar sauka.

Wanda bai san bayan fage ba zai ce ai ƙaramin abu ne. Makonni ɗaliban suka yi suna gwaji bayan an tashi daga aji, wasu da yunwa. Daga kuɗin abincinsu suka yi karo-karo suka ɗinka kaya, suka sayi fenti da ƙusa. Ga mai karatun wasan kwaikwayo kuma wannan daren jarrabawa ce, malamai na zaune da biro suna ba da maki a kan murya da motsi da riƙe hali. A masana'antar Kannywood idan babur ya wuce da ƙara, darakta sai ya tsayar a sake ɗauka. A dandamali ba a sakewa, kuma wasan ɗalibai bai cika wuce dare ɗaya ko biyu ba. Sau da yawa ma ba lasifika, da maƙogwaronta kawai yarinya za ta kai magana sahun ƙarshe.

Manyan 'yan wasa na duniya ma abin na gigita su. A 2005 Richard Griffiths ya tsayar da wasa a Landan ya ce wa wata mata ta fita saboda wayarta ta yi ta ƙara. A 2015 Patti LuPone ta fizge wayar wata 'yar kallo a New York da ke ta rubuta saƙo. Waɗannan sun shekara da shekaru a sana'ar, suna da sunan da zai tsaya musu. 'Yar shekara 19 fa, wadda wayar da ke ƙara ta babban baƙo ce, ko ta wani sa'an mahaifinta? Tarbiyyar da muka yi mata da kanmu ta hana ta ko ɗaga ido ta dube shi.

Kada a ɗauka shirun Turawa nake nema, irin wanda mutum zai zauna kamar an dasa shi har a gama. Mu ba haka muka gaji kallo ba. Mai tatsuniya ba ta farawa sai an amsa mata. 'Yan tashe a watan azumi da dariyar matan gida da tsokanar yara suke samun ƙarfi. A wasan gauta, da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, rabin daɗin yana wajen waɗanda suka gane wa ake nufi suka kasa riƙe dariya. Ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, da wannan tunanin aka gina wurin da ake kira Drama Village. Steven Ehrlich, Ba'amurken da ya zana shi, fasalin gidan Bahaushe ya bi: ginin ƙasa, ɗakuna zagayayyu, katanga ta haɗe su, fili a tsakiya, ɗan kallo na ganin zufar ɗan wasa. Daga nan ne malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita da ɗalibai cikin Samaru da garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo, a yi wasa a kan taki da bashi da ruwan sha, manomi ya tsoma baki ya ce ba haka abin yake ba, a gyara a gabansa. Wasan da aka raina a haka ba ya tsoron murya.

Ai ciyayya ma ba a yin ta a bebance. Ana hira, ana barkwanci, wani ya yi santi a yi masa dariya. Guɗa da shewa da tafi, da tsohuwar da za ta daka wa mugun cikin wasa tsawa ta ce Allah ya isa, duk santi ne, kuma ba abin da mai girki ke so ta ji kamar an ce an yi santin tuwonta. Wannan hayaniyar daga cikin kwanon ta fito. Ta waya daga waje take zuwa. Mai amsa kira ya bar hannunsa a cikin tuwo ya juya baya yana ciniki da wani a wani gari, miya na ɗiga a tabarma, sauran mutane sun dakata da loma suna jiran ya gama. Ba wanda zai yi haka a ƙofar gidan maƙwabcinsa a ƙyale shi.

Waya tana da wurinta, kuma ban san inda ya nuna haka kamar titin Zhanxi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba. Titin na dab da babbar tashar jirgin ƙasa, kasuwannin sari ne jere da juna, na agogo da takalma da tufafi, kuma 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da sauran garuruwan Afirka sun san shi kamar tafin hannunsu. A can waya ce bakin mutum, ita ce aljihunsa. Da ita ake fassara tsakanin Bahaushe da Basine, da ita ake biya ta WeChat. Sin na gaban Najeriya da awa 7, don haka ƙarfe 4 na yamma a Zhanxi Lu ƙarfe 9 na safe ne a Kantin Kwari, daidai lokacin da ake buɗe shaguna. Sai ka ga mutum ya ɗaga takalmi gaban kyamara yana cewa, "Alhaji, ka ga kalar? Kwali nawa za a sa maka?" Kowa na ɗaga murya, ba wanda ya shiga haƙƙin wani, don abin da ya tara su ke nan. Kiran da ya wuce ka a nan kuɗi ne ya wuce ka. Ina ganin wannan ɗabi'ar ta kasuwa ce muka ɗauko muka shiga da ita ko'ina: ɗakin asibiti, zaman makoki, aji, gaban dandamali. Mun saba ganin duk kiran da ya shigo ya fi wanda ke tsaye a gabanmu daraja.

Ba mu daɗe da wayar hannu ba ne. A watan Agustan 2001 layukan MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, Drama Village ta girme su da shekara ashirin da wani abu. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika Farm Centre a Kano na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, ba nisa da Guangzhou, kuma don kasuwarmu aka ƙera su, da layi biyu da batir mai jimiri. Yawancin ɗaliban da ke jami'a yau a cikin ƙarar waya aka haife su. Ladabin cin abinci kuwa kaka da kakanni suka tace shi: wanke hannu, ci daga gabanka, yaro ya riƙe bakin kwano, kada ya riga babba kai hannu ga nama. Na waya ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, manyan da ya kamata su koyar ma tare da yaran suka fara riƙe ta.

Sinawa sun sha fama da wannan. Su ma asalin kallon wasansu na gargajiya a gidajen shayi ne, ana ci ana sha ana yi wa mawaƙi ihun yabo. Da suka gina manyan gidajen wasa na zamani, sai ga hasken waya ko'ina. A babban gidan wasa na ƙasa da ke Beijing da wasu na Shanghai, ma'aikata kan tsaya a gefe da ɗan abin haska jan ko koren haske, su ɗora shi a kan wayar duk wanda ya kunna har sai ya ji kunya ya ajiye. Birnin New York doka ya yi a kan waya a gidajen wasa a 2003, tarar dala 50. Ban ga ɗayansu zai zauna a wurinmu ba. Ɗalibin da zai haska wa hakimi jan haske a hannu bai zo duniya ba tukuna, kuma ba na fatan ya zo.

Ɗaukar bidiyo ya fi ƙarar waya ciwo, ko da yake shi ba a jin sa. Ƙara ta ɓata dare ɗaya, bidiyo yana bin mutum shekaru. Kamar a ɗauki kwanon yarinyar nan ne a zaga da shi kasuwa ana nuna wa mutane gudajin. A ƙasar Hausa da yawa daga cikin 'yan matan da ke karatun wasan kwaikwayo da ƙyar iyayensu suka yarda, bayan an sha rarrashi da sa bakin kawu ko gwaggo. A ba irin wannan yarinya matsayin fitsararriya ko muguwar kishiya, ta yi shi da kyau don aikinta ke nan, sai wani ya yanko daƙiƙa 20, ba farko ba ƙarshe, ya ɗora a TikTok ko ya watsa a WhatsApp. Waɗanda ba su san wasa ba ne su yi ta tofa albarkacin bakinsu a kan tarbiyyar gidansu. Kafin ta koma ɗaki ya isa wayar babanta, ko ta dangin wanda ke neman aurenta. Wanda ya ɗauka ya samu masu dariya ya manta, ita kuwa wataƙila daga ranar ba za ta ƙara hawa dandamali ba. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa bai nufa ba.

Mun kuwa iya kashe waya idan mun ga girman wuri. Masallatai da yawa sun manna takarda a ƙofa, wani limamin ma yakan tuna wa mutane kafin ya ta da kabbara, kuma wanda tasa ta yi ƙara a sahu shi da kansa yake jin nauyi. Saura a nuna wa mutane cewa gumin yaran nan ma yana da haƙƙi.

A ciyayya mai gida ne ke tsare mutuncin kwano, don haka aikin na malamai da shugabannin sashe ne. Kafin a fara wasa, babba ya fito da kansa, ya yi magana da harshen da mutanen wurin ke ji, ya faɗi makonnin da yaran suka yi suna shiri, ya ce wannan jarrabawarsu ce. Sannan ya ciro tasa wayar a gaban kowa ya kashe, ya roƙi sahun gaba su fara bin sa, don na baya su suke kallo. A sanar cewa kyamara ɗaya ce ta makaranta za ta ɗauka, mai so ya nema daga baya da yardar 'yan wasan. Mai jiran kiran gaggawa, likita ne ko mai majinyaci a gida, a ba shi kujera a bakin ƙofa. A yi hutun minti 10 a tsakiya, kowa ya duba abin da ya shigo masa. Samarin baya masu "ba ma yi" kuwa, yawancinsu abokan 'yan wasan ne na ɗaki da aji; a jawo uku ko huɗu daga cikin masu faɗa a ji a ɗora musu tsaron ƙofa da zaunar da baƙi, za a ga bambanci.

Idan duk da haka wata waya ta yi ƙara mai ita ya ɗaga, kada a bar wa yarinyar da ke kan dandamali. Malami ne zai taso ya je har inda mutumin yake, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a amsa a waje," ya raka shi ƙofa. In abin ya riga ya yanke mata magana, a ba ta dama ta koma farkon fitowar, a kuma ba ta makinta a kan wanda ta yi na biyu.